Namadi, Ƙwan Surukarsa da Kwamfutar da Ba Ta Zafi

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin ƙungiyar manoman albasa da gero da ke bayan tasha a Tambuwal ya san Namadi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai siririn wuya da ke zama kan benci a bakin ƙofa, hularsa a karkace kamar tana sauraron hirar maƙwabta. A takarda masinja ne. A aikace kuwa shi ke buɗe ƙofa, shi ke shara, shi ke korar awaki, shi ke kai wasiƙa Dogon Daji a kan keke, kuma shi ke gaya wa baƙi cewa Shugaba yanzun nan ya fita, ko da Shugaba ya kwana uku a Sakkwato.

Mutumin Kebbe ne. Da ƙuruciya ya taɓa sana'o'i da dama, kowace ya ɗan ɗanɗana ya ajiye. Ya yi kabu-kabu wata biyu, har ranar da ya sauke fasinja a tsakiyar kududdufi ba tare da fasinjan ya nemi a sauke shi nan ba. Ya kafa teburin shayi, hira ta fi ciniki yawa. Ya fara koyon ɗinki, ya ɗinka wando guda ɗaya wanda har yau ba a samu mai ƙafafun da suka dace da shi ba. Daga nan ya samu aikin masinja, ya zauna, shekara goma sha tara ke nan.

Amma ba masinjanci ne ya yi masa suna ba. Zabi ne.

Zabuwa, kamar yadda kowa ya sani, gwanar zuba ƙwai ce amma ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwanta. Namadi ba shi da kaza ko ɗaya, amma duk damina sai a ga 'yan tsakin zabi sun cika masa tsakar gida. Mutane suka ce asiri ne ya gada. Shi kuma bai taɓa musawa ba, sai dai ya gyara hula ya ce Allah ne mai yi.

Ga yadda asirin yake. Shekara bakwai da suka wuce aka kawo wa ƙungiyar wata kwamfuta aka girke ta a ƙuryar ofis. Ita ke riƙe da sunayen 'yan ƙungiya da gonakinsu, ita ke tura musu saƙo a waya: farashin albasa, ranar rabon iri, hasashen ruwa. Ba a kashe ta ko da Sallah. Girmanta ya kai ƙaramin firij, fanka biyar gare ta a ciki, tana gurnani kamar injin niƙa, kuma batir goma sha biyu take tsotsa. Daga bayanta wata iska mai ɗumi ke fita ba fashi. Namadi ya raɗa mata suna Gwaggo, wai don ba ta shiru kuma ba ta ƙoshi.

Wata rana wani manomi ya ba shi kyautar ƙwan zabi biyar. Don kada abokan zaman benci su gani su ce a dafa, sai ya zuba su a tsohuwar hula ya tura bayan Gwaggo. Kullum in ya zo shara sai ya ɗan mirgina su gefe, ya ce gobe zai kai gida. Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa. Ranar ta ashirin da bakwai yana shara ya ji tsiyu-tsiyu, ya yar da tsintsiya ya fita da gudu yana salati. Da ya dawo da sanda, sai ya tarar da 'yan tsaki uku a cikin hularsa suna kallonsa.

Tun daga nan ya ɗauki abin da gaske. Ya samu ƙwarya ya zuba ƙaiƙayi, yana yi wa kowane ƙwai alama da gawayi, yana juya su sau uku a rana, yana ɗan yayyafa ruwa. Ma'aunin zafinsa fatar idonsa ce: ya ɗora ƙwai a kai ya lumshe, ya ce ya yi ko bai yi ba. Mutum ɗaya ce ta san wannan sirri, Malama Nasiha mai kula da kwamfutar, 'yar Dogon Daji, mace mai yawan dariya da ƙarancin surutu. Shugaban ƙungiya, Alhaji Maccido, bai taɓa leƙa bayan Gwaggo ba, don tumbinsa ba ya shiga lungun.

Abu ɗaya ne ya hana Namadi jin daɗin sunan da ya yi, wato surukarsa, Inna Hadijatu ta Fakku. Shekara ashirin da shida yana auren 'yarta Lauratu, kuma bisa kunya irin ta surukai bai taɓa kallon fuskarta ba. In ya ji muryarta sai ya tuɓe takalmi ya juya wa bango. Ita kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai “wancan”. Wannan duk al'ada ce, ba laifi. Laifin shi ne ra'ayinta a kansa, wanda ba ta ɓoye wa kowa: mutum ne da bai taɓa gama abin da ya fara ba.

Inna Hadijatu tana da fararen zabi da ta gada daga tsohuwarta, fari fat kamar an wanke su da bula. Bara ciwo ya shiga cikinsu, bana shaho da muzuru suka raba sauran. Zabuwa ta ƙarshe ta bar ƙwai tara kafin ita ma a wayi gari a ga gashinta kawai. Kajin Fakku kuma ciwon bai bar su ba. Sai ga Lauratu ta dawo daga ganin gida da ƙwarya a kan cinya, ta hana ɗan kabu-kabu gudu tun daga Kebbe har Tambuwal.

“Malam, Inna tac ce a gaishe ka.”

“Ina amsawa. Ita tac ce, ko ke kiƙ ƙara?”

“Ni niƙ ƙara.”

“To, faɗi wanda tac ce.”

“Tac ce in ce ma wancan, ƙwai tara na, na farar zabuwa. Tunda an ce shina da asiri, ga wurin gwada shi. In sunka lalace, shi sani irin zabin tsohuwarta hannunai yaƙ ƙare.”

Namadi ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ya ce, “Laure, ki aika mata ta fara gyaran akurki.” Washegari da sassafe ƙwai tara suka shiga bayan Gwaggo, ya yi musu alama, har da addu'a.

Kwana goma sha takwas komai na tafiya daidai. Ranar ta goma sha tara aka aike shi Dogon Daji da wasiƙa. Da ya dawo wajen azahar, ya jingine keke, sai ya ji wani abu da bai taɓa ji ba a ofishin nan: shiru. Ya sa yatsa a kunne ya girgiza. Ya shiga. Ƙuryar Gwaggo wayam, sai shatin ƙura mai kusurwa huɗu a ƙasa. Malama Nasiha tana zaune ta rungume wani abu a ƙarƙashin hijabi, kamar mai ɓoye kyanwa.

“Malama, ina Gwaggo?”

“Baba Namadi, zauna tukun.”

“Ba ni zama. In anka ce ma mutum zauna, an yi rashi na.”

“An tai da ita Sakkwato. Batiranta sun mutu, Alhaji yac ce ƙungiya ta gaji da ciyar da ita. Na ɗauka sai wata mai zuwa, sai dai nig ga mota bakin ƙofa. Ƙwanka na nan jikina tun hantsi, ko alwala ban tashi yi ba.” Ta nuna tebur da haɓa. “Ga wadda anka kawo.”

Namadi ya duba tebur. Wani ɗan baƙin akwatin ƙarfe ne, faɗinsa bai kai faifai ba, kaurinsa kamar burodi, bayansa da tsage-tsage a jere kamar kunyoyin gona.

“Wanga murfinta na? Ina sauran?”

“Ita ke nan duka. Kuma tana aiki yanzu haka.”

Ya kara kunne. Bai ji komai ba. Ya ɗora kumatu. Ya ɗago a hankali.

“Malama, an cuce ku. Gawa anka kawo muku. Randar gidana ta fi ta ɗumi.”

Nasiha ta yi dariya har ƙwaryar ta motsa, su biyun suka yi tsit sai da ta daidaita. Sannan ta yi masa bayani. Ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin, in ji ta, ba ta fi ƙumbar babban yatsa ba, kuma an yi ta ne musamman don ta yi aiki da 'yar wuta kaɗan. Abin da take sha bai kai na gulob ɗaya ba, batir guda da farantin sola guda sun ishe ta. Ba ta da fanka don ba ta zafin da za a yi mata fifita, waɗannan kunyoyin ƙarfen sun isa su sha ɗan ɗuminta. Har ɓangaren da ke zana hoto a allo, wanda a jikin Gwaggo wani katon kati ne mai fankarsa daban, a nan yana cikin ƙwaƙwalwar, ɗaki ɗaya suke kwana.

“To mi amfaninta?”

“Aiki, Baba. Duk abin da Gwaggo ka yi tana yi, har ta fi ta sauri.”

“Aikin da ba zufa.” Ya girgiza kai. “Saura kwana takwas, Malama. Kwana takwas.”

Abu na farko da ya yi shi ne neman kaza mai kwanci. Ya bi unguwa gida-gida yana sallama, yana tambaya, mata suna leƙowa suna cewa ashe mai asiri ma yana neman kaza. Gida na goma sha ɗaya aka ba shi aron wata ja, aka ce jiya ta fara alamar kwanci. Ya kawo ta ofis a hammata, ya ɗora ta kan ƙwarya da lallashi. Kazar ta dubi ƙwan da ido ɗaya, ta juya ta dube su da ɗayan, ta sare shi a hannu, ta fice ta taga.

Sai ya yanke shawarar shi zai yi kwancin. Ya samo tsohon rawani, ya jera ƙwan a ciki da auduga, ya naɗa shi a cikinsa, ya zura riga biyu. Ya koma tafiya a hankali, ƙafafu a buɗe, hannuwa a gaba kamar mai ratsa rafi. Keke ya gagara. Durƙuso ya gagara. Masu zuwa ofis suka fara cewa Namadi ya yi tumbi cikin kwana ɗaya, kuma girman kai ya zo tare da tumbin, don ko limami ya wuce daga tsaye yake gaishe shi. A gida Lauratu ta jera masa matasai ya jingina, ta hana shi tuwo mai yawa don kada ciki ya taso ya matse amanar Inna.

Washegari da hantsi atishawa ta kama shi. Ya yi ƙoƙarin danne ta, ya toshe hanci, ya karanta abin da ya sawwaƙa. Ta fito duk da haka. Ya ji ɗan ƙas, sannan wani sanyi yana gangarawa zuwa cibiya.

Saura takwas.

Ya zauna kan benci ya yi tagumi. Ya ciro ƙwai ɗaya ya ɗora a fatar ido, ya ji ɗumin bai kai ba, don mutum siriri ne, naman da zai riƙe zafi babu. Nasiha ta fito ta dube shi, tausayi ya kama ta.

“Baba, akwai wata dabara, amma ban yi maka alkawari ba. Abinga ba ta zafi don aikin ofishinga bai kai ya gajiyar da ita ba. In anka ɗora mata aiki mai nauyi, tana ɗan yin ɗumi. Kuma ba abin da ka wahal da ita awa hoto mai motsi.”

“To a wahal da ita, Malama! Don Allah a wahal da ita!”

Aka aro bidiyon kokawa a wurin masu tura waƙoƙi a tasha. Nasiha ta raba allo gida huɗu, ta sa kokawa huɗu suna tafiya lokaci guda, in sun ƙare su sake daga farko. Bayan rabin sa'a Namadi ya ɗora kumatu ya ce ta fara farfaɗowa. Aka shimfiɗa ƙyalle a kan kunyoyin, aka jera ƙwai, aka kifa faifai, aka lulluɓe da zanen Lauratu. Bayan sa'a guda ya gwada a fatar ido, ya lumshe, ya daɗe bai buɗe ba.

“Ya yi,” in ji shi. “Wallahi ya yi. Allah shi yi ma ɗiyarga albarka, ashe rowa ta kawai taka yi.”

Matsala biyu suka rage. Ta farko, bayan akwatin ƙwai shida kawai yake ɗauka, don haka biyu suka ci gaba da zama a rawani, ana musanya su da na kan ƙarfe safe da yamma don kowa ya samu rabonsa. Ta biyu, Namadi ya dage sai an buɗe murya. Ya ce ƙwan nan sun saba da gurnanin Gwaggo tun suna kwana ɗaya, in suka ji shiru za su ɗauka an watse an bar su. Nasiha ta ce ƙwai ba ya ji. Ya ce ita ta taɓa zama ƙwai? Aka buɗe murya.

Kiɗan kokawa huɗu a haɗe ya fara tashi daga ofishin ƙungiyar manoma. Kafin la'asar mutum goma sun tsaya a taga. Washegari suka zama arba'in. Mai rake ya matso da baronsa, mai fura ta kafa ƙwaryarta a gindin dogon yaro. Kokawa huɗun nan dai su ne, kowa ya san wanda zai faɗi, amma duk zagaye sai an yi gardama.

“Wannan karon ba shi kayar da shi, ka ga ya gyara tsayuwa!”

“Kai, Ɗanmaliki, tun jiya sau talatin shina kayar da shi!”

“Ai sa'a ta. Bari ka gani.”

Aka kayar da shi. Ɗanmaliki ya ce alƙalin wasa ne ya yi son kai, ya gyara zama yana jiran zagaye na gaba.

Ita kuwa 'yar akwatin, ga kokawa huɗu ga lulluɓi, sai ta yi abin da aka gina ta ta yi in zafi ya dame ta: ta rage sauri don kada ta ƙone. Saƙonnin ƙungiya suka koma tafiyar hawainiya. Saƙon da ya ce ana sa ran ruwa yau da yamma ya iso wayoyin mutane washegari, suna tsaye cikin taɓo har idon sawu. Wani ya bugo daga Dogon Daji ya ce a gaya wa kwamfuta ya gode, shi ma ya gani.

Duk wannan Alhaji Maccido yana ƙasar Kebbe wajen rabon iri. Ya dawo saura kwana uku, ya tarar da taro a ƙofar ofishinsa kamar ranar kasuwa. Ya kutsa da ƙyar, babbar riga tana kama mutane.

“Wa yab ba ku izinin buɗe gidan kallo? Namadi! Namadi, kai nika kira, kuma tsaye kaka gaishe ni?”

“Ranka shi daɗe, ina da uzuri.”

“Wane uzuri?”

“Guda biyu na, ranka shi daɗe. Nan ga ciki.”

Alhaji bai gane ba, bai kuma tsaya ganewa ba, don idonsa ya kai kan tebur. Sabuwar kwamfutar da ya yi ta yi wa shugabannin wasu ƙungiyoyi alfahari da ita, ga ta an lulluɓe da atamfa mai zanen tukwane. Ya yaye zanen. Ya ɗaga faifai. Ya daɗe yana kallo.

“Malama Nasiha, ke kika da ilimi. Gaya mani abin da nika gani ba shi na ba.”

“Shi na, Alhaji.”

“Ita ta haife su?”

“A'a, Alhaji. Riƙo anka ba ta.”

Alhaji ya zauna. Ya ce a kwashe, a kashe kiɗa, a kori jama'a, kuma Namadi ya kawo makullai. Namadi bai iya durƙusawa ba, sai ya tuɓe hula ya riƙe a ƙirji, abin da bai taɓa yi ba a gaban mutane.

“Ranka shi daɗe, makullai naka na, ga su. Amma ka ba ni kwana ukku. Ba nawa na ba. Na surukata na.”

“Wace surukar?”

“Ta Fakku.”

Alhaji ya ɗago kai a hankali. “Hadijatu? Mai fararen zabi?”

Ashe shekaranjiya a Fakku wata tsohuwa ta tare masa mota da sanda. A gaban mai gari da jama'a ta yi masa sa'a guda tana bayani kan wani irin gero da ƙungiya ta raba shekara uku da suka wuce, wanda a cewarta ko kunya bai ji ba ya ƙi tsirowa. Da ta gama ta ce in ya koma ya gaya wa masinjansa tana ƙidayar kwanaki. Kwana biyu Alhaji yana juya maganar bai gane kanta ba.

“In sunka lalace,” in ji Alhaji da ƙaramar murya, “za ta tambayi wa yas sa anka kwashe su.”

“Za ta tambaya, ranka shi daɗe.”

“Kuma za ka faɗi.”

“Ni ba ni magana da ita, ranka shi daɗe. Laure za ta faɗi.”

Alhaji da hannunsa ya mayar da faifan, ya ja zanen ya gyara masa gefe. Ya ce kwana uku, ko sa'a ɗaya ba ƙari. Nasiha ta riƙa tsayar da kokawa na ɗan lokaci safe da yamma ta tura saƙonni. Amma wasiƙun taron wata suna nan jibge kwana biyar ba a kai ba, dole Namadi ya hau keke yau ɗin nan.

“Ranka shi daɗe, da waɗanga biyun ba ni iya taka feda.”

Nasiha ta dubi silin. Namadi ya dubi tumbin Alhaji, ya kawar da kai, ya sake duba. Tumbi ne na gaske, mai faɗi, mai riƙe zafi, irin wanda kowace kaza za ta yi fatan samu.

“Kada ka soma,” in ji Alhaji.

Bayan minti goma an naɗa wa Shugaban ƙungiya rawani a ƙarƙashin babbar riga. Da yamma da Namadi ya dawo ya gwada ƙwan a fatar ido, sai ya ce gaskiya na jikin Alhaji sun fi na ƙarfe daidaito, bai kamata a raba su da wurin ba. Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Ya ce, “Da gaske sun fi?” Kwana ukun nan ya karɓi baƙi a zaune, ya sa hannu a takardu a hankali, ya hana kowa ba shi dariya.

Ranar ta ashirin da bakwai da hantsi, ana tsakar kokawa, babur ya tsaya a ƙofar ofis. Namadi ya ji wata murya tana gaya wa ɗan kabu-kabu cewa jakinta ya fi shi iya tuƙi. Nan take ya tuɓe takalmi ya juya wa bango. Jama'ar taga suka dare. Inna Hadijatu ta shigo, 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda, Lauratu na biye da ita. Ta dubi allo, ƙarti takwas suna damƙar juna. Ta dubi Alhaji, wanda ya yi yunƙurin tashi ya tuna, ya koma ya zauna. Ta ɗaga faifai da kan sanda.

“Lauratu, tambayi wancan, wagga ta kazar?”

“Malam, Inna tac ce…”

“Na jiya. Ce mata ita ta.”

“Ba gashi, ba baki, ba ƙafa. Tambaye shi, tara nib ba shi, shida nika gani.”

“Ce mata guda atishawa tac ci shi,” in ji Namadi yana fuskantar bango. “Biyu kuma suna wurin manya.”

Inna ta juya ta dubi Alhaji daga hula har takalmi, idonta ya tsaya a tsakiya. Alhaji ya ce, “Barka da zuwa, Inna,” da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba.

Tana shirin magana sai ta tsaya, ta karkata kai. Ta ce a kashe wannan haukan. Nasiha ta kashe murya. A cikin shirun aka ji ƙas, ƙas. Ɗaya daga cikin ƙwan ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Tsohuwa ta jingine sanda, ta ja kujerar Nasiha ta zauna.

Abin ya ɗauki yini. Mutanen taga suka bar kokawa suka koma kallon tebur, har da gardamar wanne zai riga fita, Ɗanmaliki ya zaɓi wanda bai fashe ba har yau. Namadi yana fuskantar bango, Lauratu tana ba shi labari: na biyu ya fito, na uku ya fito, wannan fari ne. Wajen azahar Alhaji ya zabura ya ce wani abu na yi masa cakulkuli, aka kwance rawani da sauri, sai ga ɗan tsako jiƙe sharkaf a manne da singiletinsa. Alhaji ya ce a bi shi a hankali, nasa ne.

Kafin la'asar an samu shida, biyar daga ƙarfe, ɗaya daga Shugaba. Biyu ba su yi ba. Da suka bushe Inna ta ɗaga su ɗaya-ɗaya ta duba a hasken taga. Huɗu farare, biyu sun ɗauko launin wani zabon maƙwabta da ta ce daman ta daɗe tana zarginsa. Ta sa su a ƙwarya, ta rufe da gefen mayafinta. Ta daɗe tana kallon bayan surukinta.

“Lauratu, ce ma wancan ya gama wannan.”

Namadi bai juyo ba, amma wuyansa ya ƙara tsawo, kowa ya gani.

“Ce mai kuma, ɗiyanga ba su hawan babur sai sun yi fiffike. Iskar hanya kashe su za ta yi. Ni kuma ba ni barin su hannun kowa. A share mani ɗaki.”

“Har yaushe, Inna?”

“Sati shida. In sun yi ƙwari.”

Gidan Namadi ɗaki biyu ne da tsakar gida ɗaya, ba inda mutum zai bi bai haɗu da mutum ba. Tun daga ranar ya kwashe tabarmarsa da butarsa ya koma zaure. Nan ake miƙo masa tuwo ta bayan asabari, nan yake karɓar masu zuwa taya murna, yana gaya musu cewa surukarsa da bakinta ta yabe shi a gaban shaidu. In zai shiga ɗaukar riga sai ya yi gyaran murya sau uku, Lauratu ta leƙo ta ce Inna na tsakar gida tana ba ɗiyanta tsaki, ya dakata. Yakan dakata har rana ta take.

Sati shida sun cika tun watan jiya. Inna ta ce guda ɗaya har yanzu bai yi ƙwari ba.